Wa Ya Ba Masoniyya Shekara 3,000?

Malam, na karanta makalarka kan asalin Masoniyya sau biyu. Karo na uku a bakin ɗan ƙanena na ji ta, ya haddace kusan rabinta yana zuba wa abokansa a dakalin ƙofar gida bayan isha'i, su kuma sun yi tsit kamar ana karanta musu wasiyya. Wannan na ukun ne ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da malami ya rubuta da safe, kafin dare ya zama karatun yara, kuma in ya shiga kunnensu fitar da shi sai an sha wuya.

In na fahimce ka daidai, ga silsilar da ka jero. Tushen ƙungiyar yana wajen bokayen Fir'auna. Daga can ta faɗa hannun maginan haikalin Annabi Sulaimanu (AS). Sarki Hirudus Agaribas ya sabunta ta a Ƙudus a shekara ta 43 miladiyya da sunan Ɓoyayyen Ƙarfi. Mayaƙan Templa na zamanin yaƙin Salibiyya suka ɗauke ta zuwa Turai, ta yi kwanton ɓauna har 1717, sannan ta fito fili a Landan. Ka kuma nuna cewa mai shakkar wannan, ko dai bai yi karatu ba ko kuwa an saye shi.

To ni ba a saye ni ba. Ban taɓa taka zaurensu ba, ba na kuma marmari. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1978 ta haramta wa Musulmi shiga, kuma ban zo jayayya da wannan ba. Inda muka raba hanya shi ne tarihin. Kashi uku cikin huɗu na silsilarka, wato Masar da haikali da Templa, ba maƙiyan Masoniyya ne suka bankaɗo su ba. 'Yan ƙungiyar ne da kansu suka tsara su don yi wa kansu kirari. Ka ɗauki kirarin da mutum ya biya maroƙi ya yi masa, ka kawo mana a matsayin shaidar da za a kama shi da ita.

Mu fara da kalmar da suke kiran wurin taronsu, loj. Asalin ma'anarta rumfa. A zamanin da ake gina manyan majami'u da ganuwoyin Ingila da duwatsu, akan kafa rumfa a jingine da ginin. A nan masu sassaƙar dutse ke aiki in ana ruwa, a nan suke ajiye guduma da kurfi, a nan suke cin abincin rana. Dokokin aikin babbar majami'ar birnin York na 1370 har sun faɗi watannin da aka yarda magini ya yi ƙailula a cikin rumfar. Irin wannan rumfa ita ce loj ta farko da takarda ta sani: inuwa ce ta masu ƙura a gashin ido.

A 1348 annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta shiga Ingila ta kashe abin da bai gaza kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar ba. Ma'aikata suka yi ƙaranci, ladan aiki ya tashi. Hukuma ta yi doka a 1349, ta ƙara wata a 1351, cewa kada kowa ya karɓi fiye da abin da ake biya kafin annoba. Magina ba su ji ba, suka riƙa taruwa shekara-shekara suna yanke farashinsu, har a 1425 majalisar ƙasa ta haramta musu taron. A daidai wannan tsakanin ne tsofaffin takardun magina guda biyu suka bayyana, wadda ake kira Regius da wadda ake kira Cooke. Me ke cikinsu? Cewa sana'ar gini ilimin awo ce, Iƙlidis ne ya koyar da ita a Masar, kuma wani tsohon sarkin Ingila, Athelstan, shi ya ba magina izinin yin taro da karɓar lada mai kyau. Ta biyun ta ƙara da haikalin Sulaimanu. Ka ga inda Masar ta fara shigowa. Mutanen da hukuma ta hana taro ne ke cewa taronmu ya girmi dokarku, wani sarki da ya riga naku ne ya ba mu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Maƙeri zai ce maka sana'arsa ta Annabi Dawuda ce, maɗinki ya ce tasa ta Annabi Idrisu ce, masassaƙi ya kama Annabi Nuhu. Kowa ya san abin da ake nufi, neman albarka ne da ɗaukaka sana'a. Amma da wani zai tashi ya rubuta cewa ƙungiyar telolin unguwarsu, mai shugaba da ma'aji da littafin tara, Annabi Idrisu ne ya kafa ta kuma ba ta taɓa yankewa ba, ai sai a tambayi lafiyarsa.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Wanda ke neman inda rumfar wucin gadi ta zama ƙungiya mai ɗorewa, Sikotland zai nufa. A ranar 28 ga Disamba 1598, William Schaw, wanda shi ne sarkin maginan Sarki James na Shida, ya fitar da dokoki ga dukan maginan ƙasar, ya ƙara wasu a 1599. Ya ce kowane gari a sami zauren magina tsayayye, a zaɓi shugaba duk shekara, a riƙa rubuta sunan yaron da aka ɗauka koyo, kada a yaye shi sai ya cika shekarunsa an kuma jarraba hannunsa. A dokar ta biyu ya sa kowane zaure ya ɗauki magatakarda. Albarkacin wannan magatakardan muke da littattafan zamansu har yau, ana iya buɗawa a karanta.

Na so a ce ka ga abin da ke shafin farko na littafin zauren Edinbara, mai kwanan wata 31 ga Yuli 1599. Wani magini ne mai suna George Patoun aka gurfanar gaban manya. Laifinsa, ya ɗauki ɗan haye, wato wanda bai yi koyo a hannun ubangida ba, ya sa shi aikin bututun hayaƙin wani gida na kwana biyu da rabi. Ya amsa laifinsa, ya ƙasƙantar da kai, manya suka dubi halin da yake ciki suka yafe masa, tare da gargaɗin cewa wanda ya sake ba za a ƙyale shi ba. Shi ke nan. Ƙungiyar da ka ce ta gaji asirin bokayen Fir'auna, zamanta na farko da aka rubuta a babban birnin ƙasar kan bututun hayaƙi ne da ladan kwana biyu da rabi. Sauran shafukan ma haka suke tafiya: wane ya ƙwace wa wane aiki, wane bai biya kuɗin shiga ba, wane zai ɗauki nauyin walimar bana.

Asiri fa? Akwai shi, ba zan ɓoye ba. Magini matafiyi ne, yau yana wannan gari gobe yana wancan, kuma babu takardar shaida a aljihunsa. Don haka suka riƙe wata kalma da wani salon musafaha da 'yan tambayoyi da amsoshi, waɗanda ake sanar da yaro ranar da aka karɓe shi, bayan ya yi rantsuwa an kuma ɗan tsorata shi. Da su ake bambance ɗan gida da ɗan haye. Takarda mafi tsufa da ta bayyana wannan tsari ta 1696 ce. Kalmomin kuwa sunayen ginshiƙai biyu ne na ƙofar haikalin Sulaimanu. Na san a nan za ka ce ga shi, ai na faɗa. Sai dai sunayen nan suna cikin Baibul, a Littafin Sarakuna, wanda ake karanta wa kowane ɗan Sikotland a coci ranar Lahadi. Magini da ke neman kalmar zaurance a ƙasar da Tsohon Alkawari ya zama abincin yau da gobe, ina zai dosa in ba labarin gini mafi shahara a littafin ba? Wanda ya sa wa ɗansa Yusufu ba jikan Annabi Yaƙubu ba ne.

Yadda waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba suka shiga, shi ma a rubuce yake, ba a dare ɗaya ba. A 1634 zauren Edinbara ya karɓi wasu manyan fada uku. A ranar 20 ga Mayu 1641 'yan wannan zaure da ke cikin rundunar Sikotland a Newcastle suka karɓi Robert Moray, hafsan soja mai son ilimin kimiyya. A ranar 16 ga Oktoba 1646 Elias Ashmole, mai tara kayan tarihi, ya rubuta a kundinsa cewa an shigar da shi a garin Warrington. Su manya suna jin ana cewa magina na da tsohon sirri, suna son leƙawa. Su kuma magina suna son inuwar babban mutum da kuɗin da zai ajiye na walima. A 1670, a zauren Aberdeen mai mutum 49, maginan gaske ba su wuce kimanin 10 ba. Sauran 'yan kasuwa ne, limaman coci, masu sarauta da masu wasu sana'o'in. Baƙi suka yi yawa har suka gaje gidan.

Sai 1717 ɗin da ka ce ita ce ranar fitowa daga ɓuya. Abin da aka ruwaito shi ne, ranar 24 ga Yuni zauruka huɗu na Landan suka haɗu a saman benen wata mashaya mai alamar dinya da abin gashi, kusa da majami'ar Saint Paul, suka ci suka sha, suka zaɓi wani Anthony Sayer shugaba. Su huɗun ma kowannensu da sunan mashayar da yake zama ake kiransa. Kuma ko wannan labarin mutum ɗaya ne ya ruwaito shi, James Anderson, bayan shekara 21. Littafin zaman Babban Zauren bai fara ba sai 1723, shi ya sa wasu masana tarihi na yanzu ke ganin ainihin kafuwar a 1721 ne, lokacin da wani basarake, Duke na Montagu, ya karɓi shugabanci. Duba nan, Malam. Masu bincike suna ja-in-ja kan shekara huɗu saboda riwayar mutum ɗaya ce ba ta da mai ƙarfafa ta, kai kuwa ka haɗiye shekara 3,000 ko ruwa ba ka nema ba.

Anderson ɗin nan shi ne babban maroƙin. Limamin coci ne ɗan Aberdeen, ɗan gidan Masoniyya, aka ba shi aikin tace tsofaffin takardun magina. A 1723 ya fitar da kundin tsarin ƙungiyar, ya buɗe shi da tarihi. Bai tsaya a Fir'auna ba, daga Annabi Adamu ya faro. Ya sa Nuhu da 'ya'yansa, ya naɗa Annabi Musa shugaban magina, ya jawo Bukhtanasar da Kaisar Augustus. Duk wanda ya taɓa ɗora dutse kan dutse a duniya ya zama nasu. In za ka karɓi Masar da haikali daga hannunsa, da wane dalili za ka bar Adamu? Riwaya ɗaya ce, mai riwaya ɗaya.

Labarin Hiram, wanda ka ba shafi guda, ya fi kowanne saurin tonuwa. A al'adarsu, Hiram shi ne babban maginin haikali, wasu yaransa uku suka kashe shi don ya hana su kalmar sirri, aka binne shi, aka tono gawar. Wannan kisa babu shi a Baibul, can Hiram ya gama aikinsa lafiya. A Alƙur'ani ma, inda Suratu Saba'i ta yi zancen masu yi wa Annabi Sulaimanu gini, aljanu aka ambata. Cikakken labarin bai bayyana a rubuce ba sai Oktoba 1730, a wani ɗan littafi da Samuel Prichard ya buga don tona musu asiri, wanda aka yi ta wawaso har aka sake buga shi sau da dama cikin 'yan kwanaki. Ga kuma abin da ya fi daɗi. Akwai wata takarda ta 1726 da ake kira Graham, mai ɗauke da kusan wannan labari na tono gawa don neman sirri, da irin riƙon da ake ɗaga ta da shi. Amma a cikinta gawar ta Nuhu ce, masu tonon kuma 'ya'yansa uku. Cikin shekara huɗu aka sauya mamaci. Labarin da ake cire wa jarumi a sa wani, ai ana kan ɗinka shi ne, bai bar hannun tela ba. Mu ma muna da irinsa: ana ba da labarin cewa Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wani sarki ne ya sa aka kashe shi bayan ya yi masa gini, don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Duk inda aka yi gwanin magini, sai an saƙa wa mutuwarsa labari.

Templa ba za su ɗauke mu lokaci ba. An kama su a Faransa ranar 13 ga Oktoba 1307, Fafaroma ya rushe su a 1312, aka ƙone shugabansu Jacques de Molay a 1314. Daga nan zuwa dokokin Schaw shekara 284, kuma babu takardar magina ko ɗaya, ta Ingila ko ta Sikotland, da ta ambace su. Anderson da ya kwaso kowa da kowa a 1723 bai kira su kakanni ba. Zancen mayaƙan Salibiyya ya shigo ne a Faris wajen 1737, a jawabin wani Andrew Ramsay, shi ma ba Templa ya ce ba, mayaƙan Saint John ya ambata. Dalilin a fili yake. 'Ya'yan sarautar Faransa suna son zauren, amma ba sa son a ce kakanninsu na ƙungiya leburori ne masu kwaɓa ƙasa, sai aka nemo musu kakanni masu doki da takobi. Wani Bajamushe, Baron von Hund, ya gina tsari sukutum a kan da'awar Templa. A 1782 mabiyan tsarin suka yi babban taro a Wilhelmsbad, suka nemi hujja suka rasa, suka ajiye da'awar. Masu kayan sun yar tun fiye da shekara 240 da suka wuce, kai ka tsinto.

Masar ta bokaye kuwa, wadda ta wuce ta Iƙlidis mai awo, daga littafin ƙagaggen labari ta fito, Sethos, wanda wani limamin Faransa, Terrasson, ya wallafa a 1731. Daga baya wani ɗan damfara da ke kiran kansa Cagliostro ya kafa abin da ya kira tsarin Masar a shekarun 1780, yana karɓar kuɗin masu kuɗi. A lokacin duk duniya babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni, sai a 1822 Champollion ya warware shi. Da aka karanta, ba a sami zauren kowa a ciki ba.

Saura Hirudus, kuma shi kaɗai ne ba daga bakinsu ya fito ba. Na san inda ka samo shi, yana cikin littattafan Larabci na firƙoƙi da mazhabobin zamani da yawancinmu muka karanta. Su kuma sun ɗauko shi daga littafin Tabdiduz Zalam na Awad al-Khuri, wanda ya fito a shekarun 1920, mai cewa fassara ce ta wani tsohon kundin Ibrananci da wani iyali ke gado. Malam, kai ka karantar da mu cewa ba a karɓar magana sai an tambayi wa ya faɗa, shi kuma daga wa. Ga labarin abin da aka ce ya faru a shekara ta 43, mai riwayarsa na farko ya zo bayan kusan shekara 1,900, tsakaninsu babu kowa. Yusifus, masanin tarihin Yahudawa da ya rayu a wannan ƙarni, ya rubuta rayuwar Agaribas dalla-dalla har ciwon cikin da ya kashe shi a Kaisariya a shekara ta 44, bai san da wata ƙungiya ba. Da hadisi ne aka kawo maka da irin wannan isnadi, ko kallo na biyu ba za ka yi masa ba.

Haka wasiƙar da ka jingina wa wani jigon Masoniyya, Albert Pike, mai hasashen yaƙin duniya uku. William Guy Carr ne ya yaɗa ta a shekarun 1950, bayan an riga an yi biyu daga cikin yaƙoƙin, kuma littafinsa da aka fassara da sunan Ahjarun ala Ruƙ'atish Shaɗaranj ne ya kawo ta ƙasashenmu. Zancen cewa Pike na jagorantar bautar Iblis a asirce kuwa, jijiyarsa na komawa ga Léo Taxil, Bafaranshen da ya shafe shekara 12 yana sayar wa Katolika irin waɗannan labarai. Ranar 19 ga Afrilu 1897 ya tara jama'a a wani ɗakin taro a Faris, har da limamai, ya ce musu duk ƙarya ce ya shirya, ya kuma yi musu godiya da suka taya shi yaɗawa. Sai da 'yan sanda suka fitar da shi.

Akwai gwajin da ya fi duk waɗannan sauƙi. Masoniyya ba ita kaɗai ce mai zaure da rantsuwa da musafahar sirri ba. Ƙarni na 18 da na 19 a Ingila sun cika da irinsu, kuma yawancinsu na talakawa ne. Ma'aikacin masaƙa a Manchester ba shi da fansho, ba shi da asibitin kyauta, kuma babu abin da yake tsoro kamar a binne shi a ramin gayya na matsiyata. Sai su haɗu a mashaya duk mako biyu, kowa ya jefa 'yan kwabbai a akwati mai makulli uku, makullan a hannun mutum uku. Wanda ya kwanta ciwo a ba shi na cefane, wanda ya mutu a yi masa sutura a ba matarsa wani abu, wanda ya tafi neman aiki wani gari ya faɗi kalmar sirri a ba shi masauki. Adashe ne da ya sa rawani. Kalmar sirrin ma amfaninta kada wani ɗan iska ya zo ya ci kuɗin da bai zuba ba. To ka ji asalin da kowannensu ya ba kansa. Odd Fellows, waɗanda babban reshensu ya kafu a Manchester a 1810, sun ce sojojin Rum na zamanin Nero ne suka kafa su. Foresters na 1834 sun kai nasu har gonar Adamu. Akwai ma wata da ma'aikatan gidan wasan kwaikwayo suka fara a wata mashayar Landan a 1822, ta Ɓaunaye, wadda daga baya ta liƙa wa sunanta kalmar da ke nufin tun kafin ruwan Ɗufana. Me ya sa ba ka rubuta mana cewa Ɓaunaye sun girmi jirgin Annabi Nuhu ba? Hujjarsu da ta Masoniyya ai uwa ɗaya uba ɗaya ce.

Batun hannu ɗaya da ke juya su duka tun fil azal, shi ma tarihinsu bai ba shi ba. Daga 1751 zuwa 1813 manyan zauruka biyu ne a Ingila, kowane na kiran ɗaya ɗan bidi'a. A 1877 babban zauren Faransa ya cire sharaɗin imani da Allah, na Ingila ya yanke hulɗa da shi, har yau ba su shirya ba. Ka ce Yahudawa ne suka kafa ta, alhali manyan zaurukan Prussia sun shafe yawancin ƙarni na 19 suna rufe wa Bayahude ƙofa. Baƙar fata ma haka. Prince Hall da 'yan uwansa 14 a Boston sai a zauren sojojin Birtaniya suka samu shiga a 1775, suka karɓo takardar izini daga Landan a 1784, amma fararen Amurka suka ƙi amincewa da su har kusan ƙarshen ƙarni na 20. Kuma akwai abin da na lura ka tsallake. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya yaƙi Faransa shekara 15, an shigar da shi wani zaure a Iskandariyya a 1864. Jamaluddin al-Afghani ya shiga a Alƙahira a shekarun 1870 har ya shugabanci wani zaure, ya ɓata da su da ya ga ba za su taɓa siyasar da yake so ba. Ba na kawo su don wanke ƙungiyar. Na kawo su ne don a ga cewa mutane sun shige ta da buƙatu iri-iri, wasu sun samu, wasu sun fita da takaici, kamar kowane taron 'yan Adam.

Ruwa dai ba ya tsami banza, wannan na yarda. Mutanen da suka rantse za su rufa wa juna asiri, in suka haɗa da alƙali da ɗan sanda da ɗan kasuwa, dole wanda ke waje ya ji tsoro. A 1826 William Morgan ya ɓace a jihar New York bayan ya ce zai buga sirrinsu, kuma hukuncin da aka yi wa waɗanda suka sace shi bai taka kara ya karya ba, abin da ya haifar da jam'iyyar siyasa sukutum ta adawa da su. A 1981 'yan sandan Italiya suka samu jerin suna 962 na zauren P2 a wurin Licio Gelli, ciki har da ministoci da janar-janar da shugabannin leƙen asiri, gwamnati ta faɗi. A zamanin mulkin mallaka zauren ya bi jirgin ruwa da barikin soja, ya sauka Legas tun shekarun 1860, ya zama wurin da jami'in Bature da babban ɗan kasuwa ke ƙulla abin da ba a ƙullawa a ofis. Waɗannan duka akwai sunaye, akwai ranaku, akwai shari'o'i. Su ya kamata ɗan ƙanena ya haddace. Amma yaron da aka shayar da Fir'auna da aljanu, in ka kawo masa zancen kwangila da alfarma sai ya ga abin ya yi masa lami. Ranar kuma da ya gano Taxil da kansa a intanet, ina tsoron kada ya haɗa har da fatawar Makka ya watsar.

Na ce zan koma kan Anthony Sayer, ko ban ce ba ga shi. Mutumin da aka zaɓa shugaban farko a benen mashayar nan, wanda a lissafinka shi ne magajin Fir'auna da Hirudus da de Molay a zamaninsa, bayan 'yan shekaru manya suka ture shi gefe, talauci ya kama shi. Littafin Babban Zauren ya nuna ya kai kuka neman taimako fiye da sau ɗaya. A 1730 aka ba shi fam 15 daga asusun sadaka. Ya ƙare rayuwarsa yana gadin ƙofar wani zaure, shi ne mai tsayawa a waje da takobi yayin da ake taro a ciki, ana biyansa ɗan abin da ya samu, har ya rasu wajen 1742.